Ɗan Daudu a Ƙagaggen Labarin Hausa: Tsakanin Tonon Asiri da Sutura

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya saba sauka a manyan tashoshin mota na ƙasar Hausa, tun daga Sakkwato har Kano, ko ya ƙetare iyaka ya faɗa Maraɗi, da wuya a ce bai taɓa cin tuwo ko shinkafa daga hannun ɗan daudu ba. Ya gan shi a bakin murhu da zane ɗaure a ƙugu, mara a hannu, yana yanga yana raha da masu ciniki, yana jefa wa abokan sana'a habaici mai kaifin aska. Ya ci, ya biya, ya wanke hannu, ya koma mota. To, amma da wannan matafiyi zai zauna ya bi ƙagaggun labaran Hausa ɗaya bayan ɗaya, tun daga littattafai biyar na gasar 1933 har zuwa na yau, zai sha lalube kafin ya gamu da mai tuwon nan. In ma ya gamu da shi, ɗayan biyu ne: ko an kawo shi don a yi dariya, ko an kawo shi don a tsine masa.

A gefe guda kuma, ga wani nau'in adabi ya ɓullo daga Turai da Amurka, ya biyo intanet ya shigo wayoyin ɗalibai, watau labaran soyayya tsakanin jinsi ɗaya, musamman waɗanda aka gina a kan ranar da tauraro zai fasa ƙwai, ya gaya wa iyayensa da jama'a abin da ya daɗe yana ɓoyewa. A nan za a kira su labaran bayyana kai. Wasu 'yan kaɗan suna ganin wannan ce hanyar da marubucin Hausa zai bi in yana son taɓa batun. Wasu kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna ganin batun bai kamata a ɗaga shi ba ko kusa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne duka ɓangarorin biyu sun kauce. Akwai labari a nan wanda ya cancanci alƙalami, amma zubin bayyana kai ba zai ɗauke shi ba, domin zaman Bahaushe a kan sutura aka kafa shi. Za a kafa hujja da ƙasar Gobir, musamman yankin Sabon Birni da Isa, inda garin Gangara yake.

Asalin labaran bayyana kai

Kowane zubi na adabi yana da ƙasar da ta haife shi, da irin yanayin da ya raine shi. A Ingila, a 1928, kotu ta haramta littafin Radclyffe Hall mai suna The Well of Loneliness saboda ya yi maganar soyayya tsakanin mata. E. M. Forster ya rubuta Maurice a tsakanin 1913 da 1914, amma ya adana shi bai yarda an buga ba. Littafin bai fito ba sai 1971, shekara guda bayan mutuwarsa, kuma shekara huɗu bayan majalisar Ingila ta sassauta dokar da ke hukunta maza a kan wannan al'amari. A 1956 James Baldwin, baƙar fatar Amurka, ya fitar da Giovanni's Room, labarin da ya ƙare da baƙin ciki da nadama.

Bayan tarzomar Stonewall da aka yi a birnin Niyok a 1969 ne al'amarin ya sake salo. Ƙungiyoyin masu wannan ɗabi'a suka mai da bayyana kai wani makamin siyasa, bisa lissafin cewa duk wanda ya fito fili ya ƙara musu yawa da ƙarfi. Daga nan zubin labarin ya daidaita: tauraro yana ɓoyo, ɓoyon yana cin ransa, wata rana ya furta, a yi rikici, daga ƙarshe ya sami sakewa.

In aka lura, wannan zubi yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko, cewa mutum shi kaɗai ne ma'aunin kansa, dangi suna biyo baya. Na biyu, cewa furta abin da ke cikin zuciya magani ne, ra'ayin da ke da saiwa a al'adar iƙirarin zunubi a gaban limamin coci, da kuma zaman da majiyyaci ke yi da likitan ƙwaƙwalwa. Na uku, cewa bayan furuci akwai doka da za ta kare mai furtawa, akwai kuma wata jama'a da za ta karɓe shi in danginsa sun kore shi. In aka janye dutse ɗaya daga cikin ukun nan, tukunya ta kife.

Ko a kudancin Nijeriya zubin bai zauna daidai ba. A cikin Walking with Shadows na Jude Dibia, wanda ya fito a 2005, tauraron magidanci ne a Legas, kuma ba shi ya bayyana kansa ba. Wani abokin aiki da ke jin haushinsa ne ya kai maganar ga matarsa. Watau da labarin ya taka ƙasar Nijeriya, sai bayyana kai ya rikiɗe ya koma tonon asiri. Haka nan a cikin Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda mafi yawansa a Sakkwato yake gudana, almajirin da ke ba da labarin ya ci karo da wasu samari biyu a cikin wannan hali, ya kwana da abin a ransa. A can ma nauyin yana kan wanda ya gani.

Wane ne ɗan daudu?

Kafin a je ko'ina, wajibi ne a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da jama'a kan cakuɗa. Daudu ɗabi'a ce da sana'a: namiji ya ɗauki maganar mata da tafiyarsu da ayyukansu, kamar girki da suyar kaji da sayar da abinci. Luwaɗi kuwa aiki ne wanda shari'a ta ambata da sunansa, ta yanke masa hukunci. Akwai inda abubuwan biyu suke haɗuwa a kan mutum ɗaya, akwai kuma inda ba sa haɗuwa. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano tun daga shekarun 1990, ya kuma buga littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna salla suna azumi, wasu sun sauke farali. Ya kuma nuna cewa akwai maza masu cikakkiyar kama ta maza, waɗanda ba mai zarginsu da komai, da ke cikin abin da su kansu suke kira harka.

Kalmar kanta tsohuwa ce. Daudu laƙabi ne na sarauta da ake yi wa Galadima kirari da shi, kuma masu nazarin bori, irin su Fremont Besmer da ya buga aikinsa a kan borin Kano a 1983, sun danganta 'yan daudu da iskan nan Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta da son caca. A nan ne Gobir ta shigo. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshe nasu ya dawo ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kangon tsohuwar Alƙalawa. Cikin abubuwan da suka riƙe har da sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, kuma matan da ke zaman kansu suna ƙarƙashin ikonta. A Maraɗi takwararta ita ce Iya. Binciken da Renée Pittin ta yi a Katsina ya nuna yadda 'yan daudu suke raɓe a irin wannan duniya ta bori da gidajen mata, suna girki, suna kai saƙo, suna shiga tsakani.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, tun kafin a haifi Forster, tun kafin Bature ya ja layin da ya raba Sabon Birni da Tsibiri, ƙasar Hausa ta san wannan mutum, ta raɗa masa suna, ta ware masa gurbi a bakin kasuwa. Ba ta ɗaukaka shi ba, malamai kuma ba su daina yi masa wa'azi ba. Amma wanda ya ce jirgin sama ne ya sauke shi jiya, ko dai bai san tarihi ba ko kuwa ya sani ya take.

Yadda adabi ya riƙe shi

Littattafan farko, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Jiki Magayi, an rubuta su ne don 'yan makaranta a ƙarƙashin kulawar Rupert East a Zariya, saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka yi shiru. Gasar 1982 ta kawo littattafai masu ƙarfin hali, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka shiga duniyar fasa-ƙwauri da ta'addanci ba tare da jin tsoro ba. Adabin kasuwar Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya buɗe ƙofar ɗakin aure, inda Balaraba Ramat Yakubu ta fito da auren dole da wulakancin maza a fili. Da Alkhamees Bature ya taɓa batun maɗigo a makarantar kwana ta 'yan mata a cikin Matsayin Lover, ƙura ta tashi ƙwarai. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano a 2001, kuma a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan soyayya a bainar jama'a. Tun daga nan marubuci ya san inda wuta take.

Sakamakon haka, ɗan daudu ya sami gurabe biyu kacal. Na farko shi ne na barkwanci, wanda fim ya fi ba shi, kamar yadda marigayi Rabilu Musa ya yi a Ibro Ɗan Daudu: a kwaikwayi murya da karairaya da tafa hannu, 'yan kallo su yi ta ƙyaƙyatawa. Na biyu shi ne na gargaɗi, wanda ya yawaita a labaran da ake watsawa ta WhatsApp da Wattpad, inda mai wannan hali yakan fito a matsayin attajiri ko matsafi mai lalata 'ya'yan mutane, sa'an nan a kashe shi da muguwar cuta a babin ƙarshe. A duka guraben biyu babu mutum. Ba a san uwarsa ba, ba a san ƙauyensu ba, ba a san abin da yake faɗa wa Ubangijinsa in ya yi sujada ba. Dodon gona ne aka kafa, aka sa masa zane.

Wannan naƙasu ne ta fuskar fasaha tun kafin a zo ga maganar adalci. Ɗalibin adabi ya san cewa tauraron da aka gina da hali guda, ba ya sauyawa ba ya mamayar mai karatu, rarraunan tauraro ne. Bugu da ƙari, gargaɗin da aka gina a kan dodo ba ya gargaɗar da kowa, domin mai karatu ya san maƙwabcinsa ba dodo ba ne.

Dalilin da zubin baƙi bai hau ba

To, in haka ne, me zai hana marubuci ya ari zubin bayyana kai ya zuba masa Hausa? A koma ga duwatsun murhun nan uku a gwada su a Gangara.

A fara da doka. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan wannan aiki, har ma ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan iskan gari. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, wasu jihohi 11 sun bi wannan tafarki, har da Sakkwato, kuma a kundayensu hukuncin luwaɗi yana iya kai wa ga jefewa. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a fili. Ban da doka kuma ga hukuncin titi. A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi, a Janairun 2014 kuma taron jama'a ya yi ruwan duwatsu a kan wata kotun shari'a a garin lokacin da ake sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma. Saboda haka saurayin da ya tara danginsa a Gangara ya furta, iƙirarin laifi ya yi a gaban shaidu. Marubucin da ya rufe irin wannan labari da murna da rungume-rungume ya yi wa mai karatu ƙarya, ƙaryar da za ta iya jefa wani yaro mai saurin yarda cikin halaka.

Sai batun cewa furuci magani ne. A nan Musulunci ya bi wata hanya dabam. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Akwai hadisi sananne a Sahihu Muslim da ke yi wa mai suturta ɗan'uwansa albishir da suturar Ubangiji, akwai kuma wanda ke zargin mutumin da Allah ya rufa masa asiri da dare, shi kuma ya wayi gari yana tona kansa. Ƙissar Ma'izu, wanda ya zo yana iƙirarin zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kawar da kai daga gare shi, duk ɗalibin fiƙihu ya san ta. Sharaɗin shaidu huɗu da idonsu ya gani shi ma katanga ce da aka gina don kada tuhuma ta yi sauƙi. Watau shari'ar da ta tsananta hukunci ita ce kuma ta tsananta hanyar kai wa ga hukuncin, ta fifita tuba a ɓoye a kan fallasa.

Na ƙarshe shi ne matsayin mutum a cikin dangi. A labaran Amurka, babban fagen shi ne inda ɗa zai zaunar da uwarsa ya dube ta ido da ido ya faɗa mata. A ƙasar Gobir kuwa, uwa ba ta ko kama sunan ɗanta na fari. Tana yi masa alkunya tun ranar da ta haife shi, in za ta yi masa magana sai ta kau da kai ta ce, "Kai, wannan yaro." Shi kuma yana durƙushe a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, yana amsawa da "Na'am, Inna." Ɗan da ba zai iya gaya wa uwarsa cewa matarsa tana da ciki ba, ta wace ƙofa zai shigo da wannan magana? In marubuci ya tilasta musu wannan zama, sunayensu ne kawai za su zama na Hausa.

Labarin da ke jiran marubuci

Rashin dacewar zubin baƙi ba ya nufin babu labari. A ɗauka wani marubuci ya tsara nasa kamar haka.

Ga yaro a Gangara, ɗan fari, wanda tun yana ƙarami ya fi sakewa a madafa a kan dandali. Ubansa ya yi duka har ya gaji. Gangara tana cikin garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, kuma tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki sun bar gidajensu, wasu sun nufi Sakkwato, wasu sun ƙetara jihar Maraɗi. A ce gonar gidan ta gagara nomawa, uban ya rasu, yaron ya faɗa wata tasha a birni ba shi da kowa. Wanda ya ba shi tabarma da kwanon tuwo a daren farko wani tsohon ɗan daudu ne, ya koya masa tuƙi da suya, ya zame masa uwar ɗaki. Bayan shekara biyu, kuɗin da ke ciyar da uwarsa da ƙannensa biyar a inda suke gudun hijira daga wannan murhu suke fitowa.

Uwar ta sani. Direban da ke kawo mata saƙo ya sani. Kawunsa, wanda yake limamin unguwa, ya sani. Ba wanda ya furta. In maƙwabta sun tambaya, sai ta ce, "Yana can birni yana neman abinci," kuma ba ta yi ƙarya ba. In ya zo gida da salla, yakan tuɓe zane tun a tasha, ya sa babbar riga da hula, ya daidaita muryarsa, ya bi sahu a masallacin idi. Akwai kuma wani mutum a birni wanda zuciyarsa ta kama, abin da shi kansa bai san sunan da zai kira shi ba, yana kuka a kansa cikin sujada.

Ina ƙullin labarin? Yana ranar da za a ɗaura wa ƙanwarsa aure, wani daga dangin ango ya ce ya taɓa ganinsa a tasha. Daga nan tambayar da ke riƙe da mai karatu ita ce, wa zai tona, wa zai rufa? Kawu liman zai zaɓi mutuncin rawaninsa ko ɗan 'yar'uwarsa? Uwar da ba ta taɓa kama sunansa ba, za ta buɗe baki a gaban mata ta kare shi, ko za ta sallama shi don auren 'yarta ya tsira? Wannan fage ya fi fagen furuci nauyi nesa ba kusa ba, domin a nan ba ran mutum ɗaya ne a kan sikeli ba, gida ne gaba ɗaya. Kuma kayan aikin da marubuci yake bukata duk suna cikin harshen: habaici, da zaurance, da karin magana, da shirun da ya fi magana faɗa. 'Yan daudu kansu gwanayen habaici ne, har suna da nasu yaren na ɓoye. Harshen da ya ƙware wajen faɗar abu ba tare da an faɗe shi ba, shi ya fi kowane dacewa da irin wannan labari.

Suka biyu da amsarsu

Suka ta farko za ta fito daga masu kishin tarbiyya, cewa nuna irin wannan mutum da fuskar tausayi talla ce ga alfasha. Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a yi mata dariya ba, kuma lalle akwai rubuce-rubucen batsa da ke fakewa da sunan faɗakarwa. Amma siffanta mutum dabam, halatta aikinsa dabam. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya yi ƙarya ya yi damfara, an kuwa karantar da shi a makarantu shekara da shekaru. Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauye har cikin ɓatan birni a Kitsen Rogo, ba wanda ya ce ya koyar da sata. Magabata ma sun fi na yanzu faɗin ƙirji. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya rarrabe tsakanin namijin da aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ibn Hazm na Andalus, babban malamin fiƙihu da ya rasu a 1064, ya rubuta Ɗauƙul Hamama a kan so da alamominsa, ya kawo har da labaran maza da son maza ya kama, wasu ya kai su ga hasara, sa'an nan ya rufe littafin da babi a kan munin saɓo da babi a kan falalar kamewa. Bai sassauta hukunci ba, bai kuma hana kansa ganin ɗan Adam ba. Hukunci aikin alƙali ne, fatawa aikin malami. Aikin marubuci shi ne ya nuna yadda rayuwa take a cikin rigar wani.

Suka ta biyu za ta fito daga ɗaya gefen, cewa suturar nan da ake yabo kurkuku ce, kuma yabonta goyon bayan danniya ne. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sutura tana da farashi, kuma sau da yawa ba wanda aka suturta kaɗai ke biya ba. Akwai yarinyar da za a aura wa irin wannan saurayi don a toshe bakin mutane, ta ƙare ƙuruciyarta tana zargin kanta. Akwai cutar da ke yaɗuwa saboda mai ita yana tsoron zuwa asibiti. Akwai mazambatan da ke cin kasuwar tsoro, suna karɓar kuɗi da barazanar fallasa. Akwai kuma yaran da manya ke zalunta, a binne maganar da sunan rufin asiri, alhali wannan zalunci ne da ya wajaba a tona, ba shi da wata alaƙa da suturar da addini ya yi umarni da ita. Amma duk waɗannan hujjoji ne na a yi rubutun. Marubuci na gari zai nuna inuwar sutura da zafinta gaba ɗaya, ya ba matar nan babi nata, ya bar mai karatu ya auna. Abin da ba zai yi ba shi ne ya ɗauko maganin da aka haɗa don wata ƙasa ya ce dole shi za a sha a Gangara.

Kammalawa

An ga cewa labaran bayyana kai 'ya'yan wani tarihi ne na musamman, kuma duwatsun da suke tsaye a kai babu su a ƙasar Gobir. An ga kuma cewa ɗan daudu daɗaɗɗen ɗan ƙasa ne wanda adabin Hausa ya san muryarsa amma bai taɓa tambayar sunansa ba. Abin da ya rage shi ne kira ga sassan Hausa na jami'o'i. Irin wannan bincike ba baƙo ba ne a jami'o'in Arewa, domin tun a 1983 Salisu Abdullahi da Gerald Kleis suka buga nazari a kan 'yan daudu. Ya kamata malamai su bar ƙofa a buɗe ga ɗalibin da ke son nazarin habaicinsu, ko yadda fim da littafi suka siffanta su, ba tare da an bi shi da kallon zargi ba. Ya kamata kuma masu sha'awar ƙaga labari su gane cewa hana rubutu ba ya kawar da abin da ake gudu, sai dai ya bar fagen ga masu batsa da masu kwaikwayon baƙi.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A garuruwan Sabon Birni da Isa, da sansanonin da mutanensu suka watsu, akwai iyaye mata da suka haɗiye irin wannan magana shekara da shekaru, suna karɓar saƙo daga tasha suna sa albarka a ɓoye. Marubucin da ya iya shiga zuciyar ɗaya daga cikinsu, ya fito da abin da ke ciki ba tare da ya tona mata asiri ba, ya yi wa adabin Hausa hidimar da ba a riga an yi masa ba.